Awon zuciyar Baba, tun daga Janairu

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Toh bismillah. Na san halina, in ban rubuta abu ba sati biyu na manta yadda aka faro, shi yasa zan riƙa ajiyewa a nan. Ranar Talata muka karɓo sakamakon gwajin Baba, likitan da ya duba takardar bai yi mana kwana-kwana ba, yace abu biyar ake dubawa, duk wanda ya haɗa uku yana da abin da suke kira metabolik sindirom, Baba kuwa biyar ɗin duka ya kwashe. Ƙugu santimita 108. Hawan jini 148 bisa 92, alhali daga 130 bisa 85 ake fara lissafi. Sugan safe kafin a ci komai 6.3, iyakar 5.6 ce. Kitsen jini da ake ce wa tiraigilisaraid 2.1, iyaka 1.7. Kolestarol mai kyau ɗin nan kuma da ake so ya kai 1.0 a namiji, 1.3 a mace, nasa 0.9. In ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya babu wanda zai kwantar da mutum a gado, sugan ma bai kai 7.0 da ake fara maganar ciwon suga ba, amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Umma ce ta raɗa wa abin suna a mota, tace wannan ai taron dangi aka yi wa malam. Sunan ya zauna a gidanmu.

Ni fiziyoloji na karanta, wato ilimin yadda gaɓoɓin jiki ke aiki, na gama bautar ƙasa, yanzu ina zaman jiran aiki a gida nan Tudun Wada, lokaci kam akwai shi har ya yi yawa. Yaya yana da wani bel na ƙirji Polar H10 da ya saya lokacin da zazzaɓin zuwa jim ya kama shi, wata biyu ya yi ya jefa a durowa. Shi na karɓo. Abin da nake son bi shi ne HRV, wato yadda tazarar da ke tsakanin bugun zuciya ɗaya da na gaba take sassauyawa, da milisakan ake auna ta.

Yau da safe na ɗaura wa Baba. Lambobi suka fara fitowa a waya, 706, 719, 708, 722. Baba ya fi shekara ashirin yana gyaran injin saƙa a masaƙa a Kakuri, kunnensa ya saba gane lafiyar inji daga ƙara, sai ya gyara tabarau yace "Uwata kin gani ko, inji lafiyayye kenan, ba ya gaba ba ya baya." Na ɗaura a jikina, 790, 845, 900, 850. Yace to ke ya kamata a kai asibiti. Wallahi sai da na yi dariya har hawaye, amma fa nasa ɗin ne abin damuwa.

Ga yadda na faɗa masa, tunda yana son hawan sallah. Zuciya doki ce, tana da nata wurin kunna bugu, in aka sake ta ita kaɗai wajen 100 za ta riƙa yi a minti ɗaya. Mahayin kuma jijiyoyin nan ne da ke aiki ba da izininka ba, kashi biyu, akwai ƙaimi akwai linzami. Linzamin jijiya ce da ake kira bagus, ta 10 a cikin 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, ita ke riƙe dokin ya sauko 60 zuwa 80 in kana zaune. Hannun da ke riƙe da linzamin kuma ba ya tsayawa cak, in ka ja numfashi sai ya ɗan saki zuciya ta ƙara sauri, in ka fesar sai ya ja. Wani Bajamushe Carl Ludwig ya zana wannan a jikin kare tun 1847. Saboda haka in ka ga tazara tana kai da kawo, mahayi na farke. In ta miƙe ɗoɗar kamar injin Baba, linzami ya yi sanyi, ƙaimi ne ke ta aiki. Baba yace "hmm". Bai yarda ba, na san hmm ɗinsa.

Lahadi, 19 ga Janairu

Satin nan kusan duk awon shara ne. Hunturu ya busar da fatar kowa, bel ɗin kuma sai an jiƙa inda yake taɓa fata sannan yake kama bugun. Ranar Litinin na shafa ruwan randa na manna masa a ƙirji da asuba, sai da ya zabura yace so nake na kashe shi. Yanzu ruwan ɗumi nake ragewa daga na alwalarsa.

Sai kuma goro. Kwana uku lambar tana tsalle ban gane dalili ba, ashe daga masallaci yake ɓantara goro a hanya, kafin ya shigo gida ya tauna rabi. Goro akwai sinadarin kafeyin a ciki kamar na kofi. Nace Baba dan Allah ku bari sai mun gama, minti goma ne kawai. Shayi ma haka. Rediyo ma na hana, don ranar da aka yi labarin farashin mai yana kwance ina kallo bugun ya hau daga 82 zuwa 91.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne carbi. Yana kwanciya sai ya kama lazimi, kuma mai lazimi numfashinsa daban ne, yana ja da sauri ya saki a hankali. Manhajar da nake amfani da ita, Kubios, ta mutanen Finlan ce, tana raba abin gida-gida, akwai gidan da ke kama sauyin da ya yi daidai da numfashi 9 zuwa 24 a minti, shi ake jingina wa linzami. In numfashi ya sauka ƙasa da 9 sai ƙarfin ya zame zuwa gidan ƙasa, sai ka ga lissafi ya nuna wai mutum yana cikin tashin hankali alhali istigfari yake yi. Tun daga nan na daina kallon wannan rabon, na tsaya a kan lamba ɗaya, RMSSD, wadda take kwatanta kowace tazara da maƙwabciyarta. Mun yi sulhu, zai yi lazimin a zuci.

Tsarin da na tsayar yanzu: bayan sallar asuba, ya kama ruwa, babu ci babu sha, ya kwanta rigingine a kan tabarma minti biyar yana hutawa, sai minti biyar na awo. Minti biyar ɗin ba ni na ƙirƙira ba, kwamitin likitocin zuciya na Turai da Amurka ne suka tsayar da shi a 1996 don gajeren awo. Na kwana huɗun da suka yi kyau, Baba 12 zuwa 15, ni 45 zuwa 55. Shekarunsa 63, nawa 26, kuma shekaru da kansu suna saukar da lambar nan sosai, don haka haɗa shi da ni zalunci ne. Da kansa zan riƙa gwada shi.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Gwaggo ta zo daga Rigasa ta tarar muna awo, tace ita ma sai an yi mata. Na ɗauko tef na tela na zagaya tsakanin ƙasan haƙarƙari da saman ƙashin ƙugu, 101. Nace Gwaggo iyakar mace 80 ne. Ta kalle ni sama da ƙasa tace "ke yarinya, 80 ai ƙugun wadda ba ta taɓa haihuwa ba ne, ni takwas na haifa." Kuma gaskiya ban iya musu da ita sosai ba. Lambar nan ta 94 ga maza 80 ga mata da ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta fitar a 2005, a jikin Turawa aka auno ta, aka ce mu na Afirka kudu da Sahara mu ara tukunna kafin a samu tamu. Amurkawa kuma a 2001 102 da 88 suka sa. To amma da wacce duk aka auna Gwaggo ta tsallake, Baba ma haka, saboda haka gardamar ba ta cece su ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke yabon tumbi. Baba na fita majalisa ana ce masa Alhaji hutu ya karɓe ka. Wane hutu, mutumin da tun da aka rufe masaƙa yake fama da shago.

Daren jiya na zauna na sake bin yadda taron dangin ke haɗuwa da jijiyoyin nan don kar na riƙa faɗin abin da ban riƙe ba. Gerald Reaven ne a 1988 ya ɗaure su wuri ɗaya, yace gindin abin shi ne jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa cikin jiki, sai jiki ya yi ta zubo insulin da yawa don suga ya shiga inda zai shiga. Insulin mai yawa a jini yana zuga ƙaimi. Kitsen ciki shi ma yana sakin sinadaran da ke ƙara zugawa. Ƙaimi in ya yi yawa jijiyoyin jini su tsuke, ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau, kuma tsukewar nan tana rage jinin da ke shiga tsoka wadda ita ce ke shanye yawancin suga, sai jikin ya ƙara taurin kai ga insulin. Abin zagaye yake kamar jakin niƙa. Wanne ya fara? Mutanen binciken Framingham a Amurka sun wallafa a 1998 cewa maza masu ƙarancin HRV da jininsu lafiya lau sun fi saurin kamuwa da hawan jini daga baya. Kenan wani lokaci linzamin ne ke fara sanyi kafin na'urar awon jini ta nuna komai. Wannan ne ya sa abin ya shiga raina.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na kusa yin abin kunya. Gwaggo ta kwana biyu a gidanmu na auna ta, RMSSD 94. Mace mai shekara 58 da hawan jini. Har na fara buga wa Yaya waya wai Gwaggo ta fi mu lafiya duka, sai wani abu ya ce mini buɗe zanen ki gani. Ina buɗewa sai ga layi a kwance kamar na Baba, amma jefi-jefi sai ka ga tazara ta faɗo 480 ta tashi 1050 sannan ta koma daidai. Wannan ba aikin linzami ba ne, bugu ne ke yin riga-malam-masallaci, ya zo kafin lokacinsa sai zuciya ta ɗan dakata. Lissafin RMSSD kuma yana ninka kowane bambanci da kansa, don haka irin wannan bugu ko guda uku ne a minti biyar sun isa su kumbura lambar. Da na kunna tacewa ta koma 17.

Na tambaye ta ko tana jin wani abu, tace wani sa'in takan ji gabanta ya faɗi haka kawai, ta ɗauka tunani ne. Nace Gwaggo ni ba likita ba ce, bel ɗin nan kuma ba ya bambance wane irin tsalle ne, sai an yi ECG, gwajin zanen bugun zuciya na asibiti. An yi mata ranar Alhamis, likita yace ƙarin bugu ne da ake yawan samu, ya rubuta mata gwajin jini, yace ta rage goro da shayi mai kauri ta dawo. Da ban buɗe zanen ba da na sallame ta da albishir.

Kawu shi ma ya zo da zumuɗi, nasa 31, ya fara yi wa Baba gori. Na ce ya nuna mini ledar magungunansa, sai ga atenolol. Maganin nan toshe ƙaimi yake yi a zuciya, bugu ya ragu, HRV kuma yakan ɗaga. Saboda haka gorin bai ci ba. Yace to ya daina sha kwana biyu mu ga gaskiya? Nace Kawu kar ku soma, irin wannan magani ba a yanke shi farat ɗaya, yana iya tayar da zuciya.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Yau na gwada gwaje-gwajen Ewing, likitan nan na Edinbara da shi da abokan aikinsa suka tsara gwaji biyar don gano lalacewar waɗannan jijiyoyi a masu ciwon suga. Uku na yi. Na farko numfashi mai zurfi sau 6 a minti, sakan biyar ja sakan biyar saki, ana duba bambancin bugu mafi sauri da mafi jinkiri, 15 zuwa sama lafiya, 10 zuwa ƙasa matsala. Baba 11. Na biyu tashi tsaye daga kwance, a lafiyayye zuciya na yin sauri wajen bugu na 15 sannan ta lafa wajen bugu na 30, sai a raba tazarar na 30 da ta na 15, ana so ya kai 1.04. Baba 1.02. Duka biyun a bakin gaɓa, bai faɗa ruwa ba bai hau tudu ba. Na uku awon jini a kwance da a tsaye, na sama ya sauka da 8 kawai, sai ya kai 20 ake maganar matsala, kuma yace ba ya jin jiri in ya ɗago daga sujada. Alhamdulillah.

Gwajin hura iska da ƙarfi, wanda ake riƙe 40 a ma'auni har sakan 15, ban yi ba. Ba a taɓa duba bayan idon Baba ba, kuma da jininsa a sama ba zan sa shi yunƙuri a tsakar gida ba.

Na kai wa likitansa takardar ranar da ya ɗora shi a kan amlodipine, maganin hawan jini. Ya duba ya yi murmushi yace yayi kyau, amma shi ƙugu da jini da suga zai bi, da su ake yanke magani. Na ɗan ji haushi a lokacin, a keke muna dawowa na ga gaskiyarsa.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya wargaza mini tsari gaba ɗaya. Tun 1 ga wata. Bayan asuba yanzu cikin Baba cike yake da tuwo da shayi, kuma narkar da abinci da kansa yana ɗaga bugu ya saukar da lambar. Na gwada kafin sahur, ƙarfe huɗu, mutum ya yi barcin awa uku idonsa ja, ba zan iya ba, shi ma ba zai iya ba. Na koma ƙarfe goma na safe a shago, ga zafi ga masu ciniki suna sallama. Na ja layi a littafi, duk awon Ramadan gefe guda, ba za a haɗa shi da na baya ba.

Abin da na samu dai shi ne teburin buɗa-baki. Mun yi yaƙi da Umma a kan sukarin kunu da zoɓo, daga cokali huɗu zuwa ɗaya, tsamiya ta ɗauki sauran aikin. Ƙosai ya ragu, lemon kwalba ya fita daga gidan. Dunƙulen miya kuwa Umma tace a nan ta tsaya, sai dai na karɓi girkin. Daddawa muka ƙara aka rage ɗaya.

Kuma Baba da kansa ya zaɓi masallacin da ya fi nisa don tarawihi, da ƙafa yake zuwa ya dawo. Bai ce don awona ba ne, wai liman ɗin can ya fi ƙira'a.

Laraba, 9 ga Afrilu

An yi sallah 30 ga Maris, na bar 'yan kwanaki naman kaji da cincin su wuce sannan muka koma tsarin asuba. Jumma'a 16, Asabar 18, sai ranar Lahadi 7, bugu kuma 97. Na ɗauka bel ne, na sake jiƙawa na sake, haka dai. Baba yace lafiyarsa ƙalau sai ɗan nauyin jiki. Kafin la'asar ya fara rawar sanyi a cikin zafin nan na Afrilu, aka gwada, maleriya. Zazzaɓi na ƙara bugu kusan 10 a kan kowane digiri ɗaya, kuma linzami yana saki in jiki na yaƙi da cuta. Ya gama magani jiya, yau 11, a hankali take hawowa.

Abin dariyar, wannan ne ya sa ya yarda da bel ɗin. Duk bayanin doki da na yi bai shige shi ba, amma yanzu yana gaya wa 'yan majalisa wai wayar Uwata ta ga zazzaɓi kafin ya iso. Mutum biyu sun aiko a auna su. Nace sai dai su fara zuwa a gwada musu suga da jini, ni ba duba nake yi ba.

Asabar, 3 ga Mayu

An yi ruwa daren jiya gari ya yi sanyi. Lissafin wata huɗu: ƙugu ya dawo 104, jini a gida yana yawo wajen 134 bisa 84, sugan safe 5.9. Kullum yana takawa daga gida zuwa Kasuwar Barci ya dawo maimakon hawa keke, ya kai minti talatin in an haɗa da zagayen da yake yi ta bayan layi don kauce wa masu tsayar da shi gaisuwa. Matsakaicin RMSSD na makonni biyun nan 18, a Janairu 14.

Zuciyata na so na ce aiki ya yi, amma a cikin sati ɗaya ma yana kaiwa 13 ya kai 22, ga sabon maganin jini, ga sauyin yanayi daga hunturu zuwa bazara, ga shi mutum ɗaya ne tal. Ba zan iya ware wanne ya yi me ba. Bugun hutu da ya sauko daga 84 zuwa 77 ya fi kwantar mini da hankali, shi ko da yatsa biyu da agogo za a ƙirga.

Akwai kuma sabuwar magana. Umma ce ta faɗa jiya muna tankaɗe, wai minsharin Baba yakan tsaya tsit har ta ƙirga goma, sannan ya yi wani irin gurnani ya ci gaba, shekara da shekaru haka, ita ta ɗauka duk maza haka suke. Ɗaukewar numfashi a barci kenan, tana yawan tafiya da tumbi da kaurin wuya, kuma duk sanda numfashi ya tsaya iskar jini na sauka ƙaimi ya soki zuciya, a dare ɗaya sau ba adadi. In haka ne, to ina ta auna minti biyar na asuba alhali ɓarnar da dare ake yin ta. Ranar Talata muna da ganin likita, na rubuta wannan a saman takarda, kuma Umma za ta bi mu don Baba ya rantse shi ba ya minshari.

Batirin bel ɗin ya mutu yau ana tsakiyar awo, CR2025 ne, irin na agogo. Baba yace a bar masa, in ya fita kasuwa zai biya wajen masu gyaran agogo ya sayo, ya sa na rubuta masa lambar a bayan hannu.